Wa Zai Ji Harshen Nan Naku?

Labarin aikinku ya iso gare ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini daɗi. Kun ɗauki wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, wanda kamfanin TSR ya buga a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka, wato Dungeons & Dragons, kun ce ba za ku zauna a duniyar da aka zana muku ba, sai kun gina taku. Kun yi taswira, kun naɗa sarakuna, kun shata iyakoki. Yanzu kuma kun iso kan harsuna, kuna so ku zuba su cikin fayil ɗin haɗin gida, don manhajar da ke riƙe muku da takardun jarumanku ta san da zamansu.

Saboda iyayenku da za su iya leƙa wannan takarda su yi zaton wani abu ne daban, bari in yi musu bayani a gurguje. Mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur, ɗaya ya zama jagora yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. In an zo inda ake shakkar ko abu zai yiwu, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20 ya raba gardama. Ba a sa kuɗi, ba a cin kowa. Tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da ta cewa a cikinta. Muddin ba ta cinye lokacin salla da na karatu ba, ni ban ga aibunta ba.

To, ku saurara. Shigar da harshe cikin fayil ba wani aiki ba ne, kafin shayi ya huce an gama. Sauƙin nan shi ne abin da nake jiye muku. Matashi zai zauna dare ɗaya ya jera harsuna ashirin, kowanne da suna mai daɗin faɗa, ya buɗe manhaja ya gan su reras a jerin zaɓi, ya ji kamar ya gina duniya. Sai a yi watanni ana wasa, babu ranar da ɗaya daga cikinsu ya hana wani shiga wata ƙofa ko ya buɗe masa ita. Saboda haka kafin ka rubuta sunan kowane harshe, ka tambayi kanka: wa ke jin sa, wa ba ya jin sa, kuma me zai faru a kan tebur ranar da waɗannan biyun suka haɗu? In ba ka da amsa, ka ajiye sunan a littafinka, lokacinsa bai yi ba.

Ku dubi yadda masu littafin suka yi nasu. A littafin 'yan wasa na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, harsuna 16 ne a jeri: takwas na yau da kullum, takwas kuma baƙi da ba kowa ke cin karo da su ba. Amma tsarin rubutu shida kacal suka raba wa goma sha biyar daga cikinsu. Haruffan Dwarvish su kaɗai sun ɗauki harsuna shida, har da Giant da Goblin da Orc da Primordial. Haruffan Elvish sun ɗauki uku. Deep Speech kuwa ba shi da rubutu sam, a baki kawai yake. Yawancin matasa suna tsallake wannan shafin, alhali akwai tarihi kwance a cikinsa. Duk wanda ya ga Orc na rubutu da haruffan abokan gabarsa ya san an taɓa zama wuri ɗaya, ko an yi ciniki, ko an yi bauta, ko an kwashi ganima har da malamai. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da haruffan Larabci aka rubuta Hausa da Fulatanci da Barbarci, kuma almajirin da ya iya karanta ajamin Hausa zai iya bin baƙaƙen waƙar Fulatanci da yatsa, yana furta wasu ma, ba tare da ya san me take cewa ba. Ga Hausar kanta da rubutu biyu, ajami da boko, kuma akwai dattijon da ya iya ɗaya bai iya ɗayan ba. In duniyarku na da harsuna biyar, ku gwada ba su rubutu biyu kawai, ku bar ɗaya babu rubutu. Za ku ga labarai na fitowa da kansu daga wannan rabon.

Bari in ba ku misali da harshen da za mu ƙaga yanzu, mu kira shi Gulbanci, harshen masunta da masu fito na bakin wani babban kogi a duniyarku. Jarumai sun iso mashigi dab da magariba, suna son haye. Mai fito ya iya ɗan abin da ya iya na harshen gama-gari: gaisuwa, farashi, "shiga", "zauna". Ana cikin ciniki sai matarsa ta fito daga bukka, ta yi masa magana da sauri da Gulbanci, tana kallon hanyar da baƙin suka biyo. A teburin akwai yarinya guda da ta zaɓa wa jarumarta Gulbanci tun ranar farko, sauran suna yi mata dariya don ba ta ɗauki harshen dodanni ba. Jagora bai faɗi komai a fili ba. Ya yagi 'yar takarda ya rubuta: cewa take yi kada ya ɗauke ku, jiya ma wasu mahaya sun zo suna cigiyar mutane irinku, sun bar masa kuɗi. Ya ninke ya miƙa mata. Ku dubi fuskokin sauran a wannan lokacin. Yanzu ita kaɗai ta san halin da ake ciki, kuma ita za ta zaɓa: ta faɗa wa abokanta a gaban mai fito ya gane ta ji, ko ta yi shiru har a kai tsakiyar ruwa, ko ta juya ta gaida matar da harshenta ta ga abin da zai biyo baya. Wannan 'yar takardar ita ce ribar duk wahalar da kuka sha a kan fayil. Ba a furta kalmar Gulbanci ko ɗaya ba, amma kowa a teburin ya tabbata harshen yana nan.

Harshen gama-garin nan da suke kira Common shi ne ke kashe yawancin harsunan da matasa ke ƙagawa. In kowa a duniyarku yana jin sa tsaf, tun daga sarki har makiyayin da ke bayan dutse, to sauran harsunan sun zama kwalliya. A nan kun fi waɗanda suka rubuta littafin sanin yadda abin yake a zahiri, don kun taso cikin harshen da ke yin wannan aikin. A Jos, a Agadas, a zangon Kumasi, mutum zai yi ciniki da kai da Hausa tun safe har yamma, amma da ya juya ga ɗan'uwansa sai ya koma harshen gida, kuma maganar da ta fi muhimmanci a can ake yin ta. Wani yana ji amma ba ya mayarwa. Wani ya iya ta kasuwa, in aka shiga shari'a ko zancen aure sai ya nemi tafinta. Akwai Barikanci da ya taso a barikin soja tsakanin mutanen da ba Hausa ce harshen uwarsu ba. Dokar bugu na biyar ba ta san da wannan duka ba: ko ka iya harshe ko ba ka iya ba, shi ke nan. Wasu wasannin sun fi ta lura. GURPS, a bugunsa na huɗu na 2004, ya yi matakai, daga mai tsinta-tsinta zuwa mai magana da baƙon lafazi zuwa ɗan gida, kuma ya raba iya magana da iya rubutu. Call of Cthulhu, wanda ya fara fitowa a 1981, da kashi cikin ɗari yake auna yadda ka iya harshe, sai ka jefa ɗan lido ka ga ko ka fahimci tsohuwar wasiƙar da ka tsinta. Ba laifi ku aro wannan. Sai dai ku sani manhajar da aka gina wa bugu na biyar galibi "e" ko "a'a" kawai ta sani, don haka dokar matakan a gurbin bayani za ku rubuta ta, jagora ya riƙe ta a ka.

Karin harshe ma haka. Littafin ya ce Primordial na da kare-kare huɗu, Aquan da Auran da Ignan da Terran, na halittun ruwa da iska da wuta da ƙasa, kuma masu jin ɗaya suna fahimtar sauran. Kada ku mai da kowane kari harshe mai zaman kansa a fayil. Basakkwace da Bakano ba sa neman tafinta, amma da ɗaya ya buɗe baki ɗayan ya san daga inda ya fito. A wasa wannan ya fi daɗi: ɗan leƙen asirin da ya iya harshen gari amma karinsa ya tona shi a bakin ƙofar birni.

Na san abin da ke ran wasunku. Kun ji labarin Tolkien, kuna so ku yi irin nasa. Ku san dai mutumin malamin tarihin harsuna ne a Oxford, kuma ya shafe shekaru da dama yana sassaƙa Quenya, wanda ya ɗora bisa daɗin sautin harshen Finland, da Sindarin, wanda ya jingina da harshen Wales, kafin The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955. Shi harsunan ya fara yi, sannan ya nema musu mutanen da za su yi magana da su. A fagen wasan tebur ma an yi irinsa: M. A. R. Barker, masanin harsuna da ya yi aiki a kan Urdu, ya gina duniyar Tékumel da harshenta Tsolyáni mai nahawu da rubutunsa, TSR ta buga wasansa Empire of the Petal Throne a 1975. Marc Okrand ya fitar da ƙamus na Klingon a 1985, ya kuma jera jimlarsa da gangan a juye, karɓau a gaba, aikatau a tsakiya, mai aikatawa a ƙarshe, don ta yi wa kunnen ɗan Adam baƙunta. Sha'awar ma ta girmi Turawan zamani: akwai Balaibalan, ƙagaggen harshe da aka rubuta da haruffan Larabci, wanda ake dangantawa da wani sufi na daular Usmaniyya, Muhyî-i Gülşenî, a ƙarni na 16.

In Allah ya hore wa ɗayanku wannan sha'awar, ya bi ta, aba ce mai kyau. Amma aikin shekaru ne, kuma teburin daren Juma'a ba zai jira shi ba. Abin da tebur ke bukata kaɗan ne. Ka zaɓi sautukan da harshen ke so da waɗanda ba ya yi sam. Ka ce, misali, Gulbanci ba shi da "r", kalmominsa duk da wasali suke ƙarewa, kuma yana son ninka gaɓa. Daga nan ka fitar da sunayen mutane ashirin, na garuruwa goma, gaisuwa ɗaya, rantsuwa ɗaya, zagi ɗaya, da kalma ɗaya ta wani abu da su kaɗai suka damu da shi har suka raɗa masa suna, kamar launin da ruwa ke yi kwana biyu kafin ambaliya. Sunayen ne suka fi komai aiki. Da 'yan wasa sun ji sunan baƙo za su ce, "Wannan mutumin kogi ne," tun kafin jagora ya faɗa. Sauran kuma aikin muryar jagora ne. Kakanninmu mata ba su ƙaga wa Gizo nahawu ba, tsamin baki kawai suka ba shi, amma babu yaron da ya taɓa ruɗa maganarsa da ta Ƙoƙi.

Yanzu mu zo kan fayil ɗin kansa, don a nan ne ake zubar da hawaye. Wasu manhajojin XML suke karɓa, da yawa kuma JSON, tsarin da Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000. Sunayen gurabe sun danganta da manhajar da kuke amfani da ita, don haka abu na farko shi ne ku samo fayil ɗin da aka tabbatar yana aiki, ku buɗe shi, ku ga yadda aka shigar da harshe guda, ku bi sawunsa. A tsarin da na fi gani, harshe yakan zo da gurbin "name" na sunansa, da "source" mai nuna littafin da ya fito, da "type" mai cewa na yau da kullum ne ko baƙo ko na sirri, da "script" na haruffan da ake rubuta shi da su, da "typicalSpeakers" na masu magana da shi, sai "entries" inda za ka yi bayani da jimloli cikakku. A saman fayil ɗin kuma akwai wurin da za ka gabatar da littafin naka: cikakken sunansa, gajeren suna, marubuta, da lambar bugu. Gajeren sunan da ka sa a can sama dole ya zama shi ne a gurbin "source" na kowane harshe, harafi da harafi. In a sama ka rubuta "DuniyarTafki", a ƙasa ka rubuta "Duniyartafki", to a wurin kwamfuta littattafai biyu ne, ɗaya ma babu shi.

JSON ba ya yafiya. Kamar mai awo ne a kasuwar hatsi, ƙwaya ɗaya ta hau bisa ƙa'ida sai ya juye mudun gaba ɗaya. Tsakanin gurbi da gurbi akwai waƙafi, amma bayan na ƙarshe babu. Ka manta ka bar shi a can, fayil ɗin duka ya ƙi buɗuwa, kuma saƙon da manhaja za ta ba ka sau da yawa layin da ke gaba zai nuna, ba inda kuskuren yake ba. Duk bakan da ka buɗe, mai lanƙwasa ko mai kusurwa, sai ka rufe shi da irinsa. Alamar zance kuma miƙaƙƙiya mai ƙwaya biyu ake so. Manhajar rubuta wasiƙa da allon rubutu na wasu wayoyi sukan mai da ita mai lanƙwasa don ado, ido ba zai lura ba, amma fayil ya mutu. Don haka ku yi aikin a manhajar rubutu tsura, irin ta masu rubuta lambobin kwamfuta, wadda ke sauya launin layi da zarar an yi kuskure. Kuma JSON ba shi da wurin barin wa kai tunatarwa a gefe, kamar yadda wasu tsare-tsaren ke da shi. In kana son ka tuna dalilin da ya sa ka ba Gulbanci haruffan mutanen tudu, ka rubuta a gurbin bayani ko a wata takarda daban.

Akwai kuma abin da ya shafe ku musamman, ku masu sa wa abubuwa sunayen Hausa: haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Suna nan a Unicode lafiya lau, ƙaramin ƙ ma lambarsa U+0199, kuma ƙa'idar JSON ta 2017 ta ce da UTF-8 za a riƙa musayar fayil. In ka adana da wani tsohon tsari, ko abokinka ya buɗe da shi, sai ka ga ƙ ɗinka ya rikiɗe ya zama Æ™, harshen da ka sa wa suna Ƙoramanci ya fito da wani suna da ba ya karantuwa. Ka duba ƙasan allon manhajarka ka tabbata UTF-8 ne kafin ka adana. Sannan in manhajar ta raba sunan da ake nunawa da sunan da take amfani da shi a ciki, to na cikin ka rubuta shi da haruffa tsura, babu lanƙwasa, babu tazara, ka bar adon ga na nunawa. In cikinku akwai ɗan Maraɗi da ɗan Katsina, ku zauna ku daidaita tun farko, domin a Nijar ƴ ake rubutawa, a Najeriya kuma 'y. Mu a wurinmu sauti ɗaya ne, kwamfuta kuwa ba ta san haka ba, mai neman ɗaya ba zai sami ɗayan ba.

Wani abin da ake yawan mantawa: shigar da harshe a jerin harsuna bai ba kowa shi ba. Sai ka koma gurbin jinsin mutanen kogi, ko na sana'ar masu fito, ka rubuta cewa duk wanda ya fito daga nan yana jin Gulbanci, da irin rubutun sunan da manhajar ke nema a wurin, don wata ƙananan haruffa zalla take so. In ba haka ba, za a ƙirƙiri jarumi ɗan masunta ya fito ba ya jin harshen uwarsa. Kuma daga ranar da aka fara wasa da fayil, kada ka sake sunan ciki na kowane harshe. Takardun jaruman da aka riga aka adana da tsohon sunan suke nemansa. In sunan ya daina yi maka daɗi, ka sauya na nunawa kawai.

Kada ku taɓa fayilolin manhajar na asali. Ranar da aka sabunta ta, za a shafe duk abin da kuka cusa a ciki. Naku ya zauna daban. Ku ƙara harshe ɗaya, ku loda, ku ƙirƙiri jarumin gwaji ku ga ko ya fito a jerin zaɓi, sannan ku ƙara na biyu. Wanda ya zuba goma a lokaci guda fayil ya ƙi, a layi ɗari uku zai nemi waƙafi guda. Ku riƙa ajiye kwafi kafin kowane gyara, da kwanan wata a sunansa, wanda ya iya Git kuma ya yi amfani da shi. Gwajin nan kuwa a yi shi tun ana saura kwana biyu, ba lokacin da abokai suka zauna an zuba gyaɗa a faranti ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun sihirin cikin wasan, wanda zai iya rushe muku duk wannan gini in ba ku karanta dokarsa da kyau ba. Akwai Comprehend Languages, na mataki na farko, mai ba jarumi fahimtar duk harshen da ya ji na tsawon awa ɗaya. Matasa kan ce, to ai shi ke nan, harsuna ba su da amfani. Ku koma ku karanta. Ma'anar zahiri kawai yake bayarwa. Ba ya sa ka iya mayar da magana. In rubutu ne sai ka taɓa abin da aka yi rubutun a kai, shafi guda kuma kusan minti guda yake ci, kuma ba ya warware saƙon da aka ɓoye. Wanda ya taso cikin habaici da zambo da karin magana ya san nisan da ke tsakanin ma'anar zahiri da abin da ake nufi. Matar mai fito tana iya cewa, "Kifin jiya ya bar ƙaya a tukunya," mai sihiri ya ji kowace kalma, ya tashi da zancen abinci. Tongues, na mataki na uku, shi ke ba da damar a fahimce ka kai ma, amma shi ma awa ɗaya ne, kuma ba ya sanar da kai wa ake fara gaisarwa a gidan sarkin ruwa.

Harsunan sirri kuma littafin ya ba ku samfuri biyu. Thieves' Cant na ɓarayi ba harshe ne daban ba, saƙo ne da ake saƙawa cikin hira ta yau da kullum, kuma doka ta ce isar da shi na cin ninki huɗu na lokacin da faɗarsa a fili za ta ci. Druidic kuma ana barin saƙo da shi a ɓoye, wanda bai iya ba zai iya lura akwai wani abu amma ba zai karanta ba. Ku da kuka yi zaurance kuna yara, kuna cusa gaɓa cikin kalma ko kuna juya ta don kada manya su gane, ba ku bukatar a koya muku wannan. Zaurance guda da za ku ƙaga wa 'yan fashin duniyarku, wanda 'yan wasa za su iya koya da bakinsu a zama ɗaya, ya fi ƙamus mai kalma dubu da babu mai buɗawa. Ban da na sirri, akwai kuma harshen da ba a furtawa: bugun 2024 na littafin ya ƙara maganar hannu cikin harsunan yau da kullum. Da ma kurame a Kano da sauran garuruwanmu suna da tasu tun da daɗewa. Ku tuna da irinta a duniyarku, kuma ku tuna gurbin "script" ɗinta a wofi zai zauna.

Akwai maganar da zan yi muku da murya ƙasa-ƙasa. Wajen neman sautin da za ku ba dodanni da miyagu, za a jarabce ku da ɗaukar harshen wata ƙabila da kuke zaune da ita, ku ɗan murɗa shi, don ya ba da dariya. Kada ku yi. Na san akwai wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Kanawa da Zagezagi, kuma abu ne mai daɗi da ya daɗe yana sanyaya zama. Amma wannan ido da ido ake yin sa, wanda aka tsokana yana nan zai rama. Fayil kuwa tafiya yake yi ba tare da fuskarka ba. Zai faɗa hannun yaron da bai san ka ba, ya buɗe ya ga harshen da mahaifiyarsa ke yi masa addu'a da shi an ba wa halittun da ake samun lada in an kashe su. In za ku aro daga harshe mai rai, ku aro don kun ga kyansa, ku ba shi mutane masu gari da kasuwa da malamai, masu nagari da mugu kamar kowa.

Haƙƙin mallaka ma ku kiyaye in za ku raba fayil ɗin ga jama'a. TSR da kanta ta sha wannan: a 1977 masu riƙe da haƙƙin ayyukan Tolkien suka taso mata, dole ta mai da hobbit ya koma halfling, ent ya koma treant. A Janairun 2023 kamfanin Wizards of the Coast ya saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar, wanda ake kira SRD 5.1, ƙarƙashin lasisin Creative Commons, don haka abin da ke cikinsa kuna iya amfani da shi in kun ambaci mai shi. Abin da ba ya ciki, kada ku kwafe shi ku manna. Ku rubuta sunayenku a gurbin marubuta, har da na wanda ya ƙago sunayen garuruwa kawai, ku kuma faɗi ko kun yarda wani ya gyara ya sake rabawa.

Ranar da za a ƙirƙiri jarumai, jagora ya faɗa wa 'yan wasa gaskiya: a wannan tafiyar za a bi kogi, za a hau tudu, ba za a shiga ƙarƙashin ƙasa ba. Zalunci ne ka bar yaro ya kashe zaɓinsa guda a kan harshen da ka san ba za a taɓa ji ba. Kuma ka duba takardunsu bayan sun gama, duk harshen da wani ya ɗauka ka tanadar masa ranarsa, ko da wasiƙa ce guda a aljihun gawa. In daga baya wani ya ce yana son jaruminsa ya koyi Gulbanci, littafin 2014 ya yanka masa kwana 250 na cikin wasa, da tsabar zinariya guda kowace rana, kuma sai ya sami mai koya masa. Kuna iya rage kwanakin in sun yi muku yawa, dokar gidanku ce. Malamin dai kada ku cire shi. Ku ba shi suna da sautin mutanen kogi, ku ba shi bukka da bashin da ake bin sa, ku sa ya ƙi karɓar zinariya ya ce sai dai a taya shi gyaran koma har kaka ta yi.